Musayar waƙa: sojan da ya ɓace bayan nutsewar Indianapolis

Ɗan Gobir:
Assalamu alaikum. Na buɗe musaya a kan ɗaya daga cikin sojojin kundumbala 39 da ke cikin jirgin yaƙin Amurka, USS Indianapolis, wanda jirgin ƙarƙashin teku na Japan ya nutsar ranar 30 ga Yuli, 1945. Tara ne kawai suka tsira a cikinsu. Amsa-amonmu "wa" ne.

Jirgi ya bar tsibirin Guwam da nufin ya kai Leyte ta Filifin,
Tsakar dare wuta ta tashi ba ta lafawa.
Minti goma sha biyu kacal ya ƙara a sama,
Teku ta haɗiye shi, babu mai hanawa.
Ina sojan da ke gadi a wannan daren?
Sunansa na cikin rajista, shi kuwa ba a ganowa.

Inna Mai Carbi:
Ɗana, kai teku kake tambaya, ni kuwa uwarsa nake tunawa.

Waya ta zo gida cewa yaro ya ɓace,
Ba ta ce ya mutu ba, balle a karɓi gaisuwa.
Wanda aka binne an san inda ya kwanta,
Wanda ya ɓace, kullum ana sa ran dawowa.

Tsohon Soja:
Inna, Allah ya ƙara girma. Ni dai ban yarda a ɗora wa teku laifin duka ba.

Kusan ɗari tara suka faɗa ruwa da ransu,
Kwana huɗu ƙishirwa na ci, rana na gasawa.
Wasu suka sha ruwan gishiri, hankali ya gushe,
Kifin shak yana zagaye, ya ɗauka, yana komawa.
A Leyte ranar isowarsa ta zo ta wuce,
Babu wanda ya kai ƙara kan rashin zuwa.
Sai 2 ga Agusta matuƙin jirgin sama Gwinn ya hango su,
Sintiri ya fito, ba su aka aike shi dubawa.
Cikin mutum 1,195 da jirgin ya ɗauko,
316 ne kaɗai aka samu cetowa.

Ɗan Gobir:
Yallaɓai, na karɓi gyara, amma ai kotun soja kyaftin ta kama.

Kyaftin McVay aka tuhuma da tuƙi miƙe ba karkacewa,
Hashimoto, kwamandan Japan da ya harbi jirgin, ya ce ko ya karkace ba tserewa.
McVay ya kashe kansa a 1968 da nauyin zargin,
Sai a 2000 majalisar Amurka ta yi masa wankewa.

Tsohon Soja:
Wankewar ta makara, kamar yadda ceton ya makara.

Da an buga ƙararrawa ranar 31 ga Yuli,
Da jiragen ceto sun fita tun kafin ƙarfi ya ƙare wa samarin nan masu iyo da galabaita da ƙishirwa.