Robert Caro: me ke cinye masa shekaru haka?

Ɗan Rimi:
Assalamu alaikum. Ina so in fara karanta Robert Caro, Ba'amurken nan da ke rubuta tarihin rayuwar Shugaba Lyndon Johnson. Littafi na farko ya fito a 1982, na huɗu a 2012, na biyar har yau shiru, ga shi haihuwar 1935 ne. Me ke cinye masa shekaru haka? Kuma da wanne zan fara?

Uwar Ɗalibai:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Yadda yake aikin ne ke jawo haka. Da ya ga mutanen karkarar Texas, inda Johnson ya tashi, sun ƙi sakin jiki da shi, sai shi da matarsa Ina, wadda ke taya shi bincike, suka tattara suka koma can wajen shekara uku. Sannan tsofaffin mata suka buɗe baki kan rayuwa kafin zuwan lantarki: jan ruwa daga rijiya, wanki da hannu, guga da dutsen ƙarfe da ake ɗorawa kan murhu ana tsakiyar zafi. Suka nuna masa yadda kafaɗunsu suka ranƙwafa. Wata ma miƙa masa igiya ta yi ya ja ruwan da kansa, ya ji nauyin. Wallahi babin nan na littafi na farko ya taɓa ni. Shi ya fahimtar da ni dalilin da suka riƙe Johnson hannu bibbiyu bayan ya kawo musu wuta.

Mai Tebur:
Malam, fara da The Power Broker na 1974, tunda kammalalle ne. Labarin Robert Moses ne, wanda bai taɓa cin zaɓe ba amma ya shafe sama da shekara 40 yana shimfiɗa tituna da gadoji a New York. Caro ya bi sawun iyalan unguwar East Tremont ta New York da aka tasa saboda titi, ya ji ta bakinsu. Shekara bakwai ya yi a kansa, har kuɗi suka ƙare Ina ta sayar da gidansu. Ya ci kyautar Pulitzer, babbar kyautar marubuta a Amurka, a 1975, ya sake ci a 2003 da Master of the Senate, na uku a littattafan Johnson. Sai dai ka shirya, ya haura shafi 1,000.

Baban Yara:
Ni ina da ja a kan littafin Johnson na biyu, na 1990. Ya tono maguɗin zaɓen fid da gwani na sanata na 1948 da Johnson ya ci da ƙuri'a 87, har ya je ya samo Luis Salas, jami'in zaɓen da ya amsa cewa an yi aringizo. Madalla da wannan. Amma ya wanke abokin takararsa Coke Stevenson fiye da kima, alhali mutumin mai goyon bayan wariyar launin fata ne. In ka iso nan, Ɗan Rimi, ka karanta da lura.