Dan Allah a taimaka min da than da as...as ɗin nan kafin JAMB

Maman Hanif, Tudun Wada Gombe:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah malaman Turanci na cikin gidan nan ku taimaka. Na koma karatu ne bayan aure, zan rubuta JAMB ina son shiga jami'ar jihar Gombe, kuma kun san tambayoyin Turanci 60 ne, sun fi na kowane darasi yawa. Matsalata wajen kwatanta abu biyu ne, wlh nan nake zubar da maki. Malamin lesin ɗinmu ya soke min she is more taller than her sister, ya soke he is senior than me, sannan no sooner had he arrived when shi ma ya ce ba haka bane, ni kuma a kunnena duk daidai suke, gashi ajin cike yake da yara ina jin nauyin in ta tsayar da shi. Akwai wata ƙa'ida ne ko haddacewa kawai ake yi?

Ɗan Bolari:
Anti ki ce she tall pass her sister kawai a wuce wajen, ai kowa ya gane.

Malam na Kumo:
Wa alaikumus salam. Ɗan Bolari wasa yake amma ya taɓo inda ciwon yake. Mu a Hausa kalma ɗaya ce ke mana aikin, wato fi. Audu ya fi Musa tsawo, ya fi shi gudu, ya fi shi kuɗi, tsawo da gudu ba sa canza kama. Brokin ma haka take da pass. Turanci kuwa ita siffar ce ake taɓawa, in gajera ce a maƙala mata er, taller, faster, older, in doguwa ce a sa more a gabanta, more beautiful, more expensive. Ɗaya ake ɗauka ba a haɗa biyun, shi yasa aka soke miki more taller, don er ɗin ya riga ya yi aikin more. Haka more better, wannan ko a ofis za ki ji manya suna faɗa da ƙarfin gwiwa, amma a jarrabawa faɗuwa ce.

Inda aka fi yin ɓarna kuma wajen kalmomin da ke bayyana yadda aka yi aiki ne. Masu ƙarewa da ly yawanci more suke ɗauka, he drives more carefully than his brother, she speaks more fluently than I do. Amma fast, hard, late, soon, early su er suke so, he works harder, she came earlier. Ki kula da early, tana da ly amma earlier ake cewa. Well kuma ta koma better, badly ta koma worse. Kuma kar ki ce very better, very ba ta shiga nan, much better ko far better ake cewa.

Sai abokan tafiya, nan ne nake so ki zauna sosai. Kowace kalma tana da wanda take ja a bayanta. Er ko more suna jan than. As tana jan wata as ɗin, kuma abin da ke tsakiyarsu ba a taɓa shi, as tall as, as quickly as, ba as taller as ba. Wannan ita ce kalmar kai tamu ta Hausa, Audu ya kai Musa tsawo, in bai kai ba ki ce not as tall as. No sooner tana jan than saboda sooner ai er ce a ƙarshenta, no sooner had he arrived than the rain started. When ɗin da kika sa ta hardly da scarcely ce, hardly had he arrived when the rain started. Ma'anar duka ɗaya ce, isowarsa ke da wuya ruwa ya sauko, masu saita tambaya suna musanya su ne da gangan don su kama mai gaggawa.

Ummu Sadiq, Azare:
Malam Allah ya ƙara basira. Bari in ɗora kan senior ɗin da bai taɓa ba. Senior, junior, superior, inferior daga Latin suka shigo, kuma tun can da ma'anar fifiko a jikinsu, shi yasa kalmar to ta Turanci suke ɗauka ba than ba, he is senior to me. Prefer ma to ce, I prefer masa to tuwo, mu dai 'yan Bauchi ba sai an tambaye mu ba. Amma would rather ita than take ja, I would rather walk than wait for keke, wato gara in taka da in tsaya jiran keke.

Ɗan Bolari:
To masa kuma har cikin darasi, mutanen Bauchi sai a hankali.

Injiniya Pantami:
Hajiya ni shawarata ki daina misali da John da Mary, ki yi da abin da kika sani don ya zauna. An ƙirƙiri jihar Bauchi a 1976, aka cire Gombe daga cikinta a 1996, to ga jimla, Bauchi State is twenty years older than Gombe State. Bauchi ƙananan hukumomi 20 gare ta, Gombe 11, sai ki ce Bauchi has almost twice as many local governments as Gombe. Kin ga twice ma as...as take ja, ba a cewa twice more than a jarrabawa. Many na abin da ake ƙirgawa ne, much na wanda ba a ƙirgawa irin su ruwa da kuɗi. Akwai wani tarko kuma, the population of Kano is larger than Gombe, wannan kin auna yawan mutane da gari ne, daidai shi ne larger than that of Gombe. Sai than da then, a bakinmu kusan ɗaya suke fita shi yasa ake rubuta better then, then lokaci take nufi.

Amma Malam ina da ja a waje ɗaya, na ga ka rubuta than I do, ni kuma ko Turawan ma taller than me nake ji suna cewa.

Malam na Kumo:
Injiniya ba ka yi ƙarya ba, than me ita ce ta hira kuma ba wanda zai kalle ka, amma littattafan makaranta da yawa har yanzu than I am suke koyarwa a matsayin ta rubutu. Ni abin da nake gaya wa ɗalibai, a insha'i su cika jimlar, she is taller than I am, ba mai maki da zai soke wannan. Kuma wani lokacin ma'ana ce ke canzawa, he likes football more than me na iya nufin ya fi son ƙwallo a kaina, more than I do kuwa ya fi ni son ƙwallo, ka ga ba ƙaramin bambanci bane musamman a gidan aure.

Maman Hanif:
Kai Malam ka sa ni dariya, wannan misalin kamar ka leƙa gidanmu. Na gode ƙwarai Allah ya saka muku da alheri, duk na kwafe a littafi. Saura ɗaya, na ga the more you read dash you understand, zaɓin akwai better, the better, the best, wanne ne?

Ummu Sadiq:
The better ne 'yar uwa. In the more ta buɗe jimla dole rabi na biyun ma ya fara da the da kalmar fifiko, the earlier you come, the sooner we finish. Best sai abu ya kai uku ko fiye. Ki nemi tsofaffin tambayoyin JAMB a shagon littattafai ki ware irin waɗannan kaɗai ki yi su a zama ɗaya, wanda ya gagara ki ɗauki hoto ki turo nan bayan isha'i, lokacin yara sun kwanta nake hawa.