Idan Waya Ta Ƙi Tura Hotuna Zuwa Laftof

Ranar Asabar bayan La'asar muka zauna a shagon wani mai gyaran waya a Agege, wani alhaji ya kawo laftof, wai hotunan bikin 'yarsa sun ƙi shiga daga waya ta Bluetooth. Kowa ya tofa albarkacin bakinsa, ga abin da na tsinta.

Mai shagon ya ce, "Alhaji, Bluetooth ɗinka lafiya lau." A Windows, haɗa na'urorin biyu bai isa ba, sai ka danna alamar Bluetooth a ƙasan allo, ka zaɓi karɓar fayil, ka bar akwatin a buɗe, sannan ka tura daga waya. Nan yawanci ake tuntuɓe. Sai dai ga bidiyo, Bluetooth tafiyar hawainiya gare shi.

Masu Android aka ce su sa manhajar tura fayil ta Quick Share a laftof, su kunna Wi-Fi da Bluetooth duka, su bar laftof a bayyane yadda waya za ta gan shi. Manhajar Xender ma tana yi, in waya da laftof suna kan Wi-Fi ɗaya. Kashe VPN (manhajar ɓoye inda kake a intanet), kashe tanadin batir, kar allon waya ya mutu ana tsakiyar turawa. In an ɗauke wuta rauta, wato na'urar Wi-Fi, ta mutu, kunna hotspot ɗin wayarka, laftof ya hau kai.

Mai iPhone kuwa kada ya wahalar da kansa: ba ta tura fayil zuwa Windows ta Bluetooth. Wani yaro da ke koyon aiki a Computer Village, kasuwar wayoyi da kwamfutoci ta Legas, ya miƙo kebul kawai. Ni dai ina bayansa.