Gyaran haɓa: a yanka ƙashi ko a saka silikon?

Mai tambaya: Salamu alaikum likitoci. Wanda haɓarsa ta shige ciki, wanne ya fi masa tsakanin biyun?

Likitan muƙamuƙi: Wa alaikumus salam. Malam, a fara duba cizon haƙora da hoton ƙashi tukuna. Idan haƙoran ƙasa sun yi baya sosai da na sama, muƙamuƙin ne gaba ɗaya ya gaza, taɓa haɓa kawai rufa-rufa ce. Idan cizo daidai yake, sai a yi maganar ƙashi. Ana tsagawa ta cikin baki, tsakanin leɓen ƙasa da dasashi, a yanke ƙasan ƙashin a kwance, a turo shi gaba kamar milimita 4 zuwa 10, a ɗaure da ɗan faranti da sukurori na ƙarfen titaniyam. Dole yankan ya sauka aƙalla milimita 5 ƙasa da ramin da jijiyar leɓe ke fitowa. In aka ja ta, leɓe ya yi makonni ko watanni ba ya jin taɓi. In aka datse ta kuwa, yana iya zama haka har abada.

Likitan gyaran fuska: Haka ne, ranka ya daɗe. Na ƙara da naman da ke ɗaga leɓen ƙasa. In ba a mayar da shi an ɗinke da kyau ba, haɓa ta zube, haƙoran ƙasa su riƙa leƙowa. Shi silikon, wato wata irin roba da ake ɗorawa a kan ƙashin haɓa, aikinsa ya fi sauri, amma yana iya gocewa in aljihun da aka yi masa a cikin nama ya yi faɗi, kuma da shekaru yakan ci ƙashin da yake zaune a kai. Ya kama mugunya, galibi sai an ciro shi. Mai jikin da tabo ke tsirowa ya kumbura, ya faɗa tun kafin a tsaga masa ta ƙarƙashin haɓa.

Ma'aikaciyar jinya: Ni bayan aiki zan yi magana, don nan ake ɓata shi. Kumburi ya fi tsanani a kwana na 2 zuwa na 3, a kwanta a kan matashin kai biyu. Makon farko kunu da fate da yogot, a kurkure baki da kulohezidin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, bayan kowane ci. Asuwaki kada ya kusanci ɗinkin. Rake, goro da kilishi sai bayan mako 6, lokacin ƙashi ya kama. Masu sigari da shisha su aje tun wata guda kafin aiki, don taba na hana ciwo haɗewa.

Mai tambaya: Sista, allurar ciko fa, wadda ake cika haɓa da ita ba tare da tiyata ba?

Ma'aikaciyar jinya: Mililita 1 zuwa 2 ake sawa, tana kai kamar shekara guda. Allurar ciko mai sinadarin hayaluronik kaɗai za ka yarda da ita, don akwai allurar narkar da ita idan ta toshe hanyar jini. Ka ga fata ta yi fari da zafin ciwo, koma asibiti a take.