Tuƙi cikin maye: wace doka ce ta kama wanda kuka gani da idonku?

Ɗan Ƙofar Sauri: Assalamu alaikum 'yan'uwa. A maganar nan doka biyu ce a kanmu mu mutanen Katsina. Ta tarayya, wadda hukumar kiyaye haɗurra FRSC ke aiki da ita, tuƙin take dubawa: barasa ta wuce kashi 0.05 cikin ɗari a jinin direba, ya yi laifi, kuma tarar da dokar hukumar ta 2007 ta yanka naira 5,000 ce. Ta jiha kuwa, tun da aka ƙaddamar da shari'a a 2000, shan take dubawa, ko mutum bai taɓa riƙe sitiyari ba. Ina roƙon wanda abu ya faru a gabansa ya gaya mana wacce ta yi aiki, ban da ji-ta-ji-ta don Allah.

Direban Daura: Wa alaikumus salam. Hanyar Katsina zuwa Daura ta Mashi nake bi. Wani lokacin bikin Sallah jami'an kiyaye haɗurra sun tsayar da mu, suka miƙo min na'urar nan da ake busawa. Na busa, suka duba lasisi, suka ce in wuce, cikin mutunci. Yaron da ke bayana shi ma ya busa ya wuce, alhali a gabana ya kora tiramol da shayi kafin mu bar tasha. Jami'an sun yi aikinsu, na'urar ce barasa kaɗai take ji. Mu kuwa a nan giya ba ita ce babbar damuwarmu ba. Ƙwaya ce, da kodin, da wiwi, da gadagin da wasu ke haɗawa da abin da Allah kaɗai ya sani. An hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma har yau akan tsinci kwalabensa a bayan tasha. Mu da muke cikin sana'ar muna gane mutum tun kafin ya tada mota: harshe ya yi nauyi, ido ya kaɗa, yana zufa da sanyin safiya, yana ta yi wa kwandasta faɗa ba dalili.

Maman 'Yan Biyu: Malam direba, Allah ya saka da alheri da ka faɗi gaskiya. Irin wannan yaron ne ya buge min ɗa a Daura, yana dawowa daga Islamiyya da allonsa a hannu. Motar ta hau har bakin kwata. Da mutane suka fito da direban ko tsayuwa ba ya iya yi, yana ta tambayar me ya faru. Cinyar ɗana ta karye. Muna asibiti ba mu ko runtsa ba, sai ga dattawan unguwarsu da liman, ana ta ba mu haƙuri, ana cewa tsautsayi ne. Maigidana ya ji nauyinsu. Suka biya wani abu daga kuɗin magani, maganar ta mutu a zaure, ba ta je gaban alƙalin shari'a ba, ba ta je majistare ba. Na yarda da ƙaddara, kuma na yafe don Allah. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ɗana bai ajiye sanda ba na hangi yaron nan cikin wata motar ya ɗauko fasinja. Ban nemi a ɗaure shi ba, so na yi a karɓe lasisinsa a kai shi inda za a raba shi da ƙwayar.

Lauya a Katsina: Hajiya, sannu, Allah ya ƙara wa yaro lafiya. Irin taki na gani da yawa a wajen aiki, kuma yawanci haka suke ƙarewa. Ku sani dokokin nan biyu ba sa karo da juna, laifi biyu ne daban. Musulmin da ya sha ya tuƙa, ana iya tuhumarsa da tuƙin a majistare ko kotun tafi-da-gidanka, a kuma tuhume shi da shan a kotun shari'a. Dokar tarayya ma ba barasa kaɗai ta ambata ba, har da ƙwaya, kuma ba a naira 5,000 ta tsaya ba: tuƙin ganganci tararsa naira 50,000 ce, in an rasa rai kuma ɗauri na iya kai shekara 7. Inda ake samun cikas shi ne hujja. Na taɓa tsayawa wa wasu iyali, kowa a wurin ya shaida direban a buge yake, amma ba a ɗebi jininsa ko fitsarinsa a ranar ba. Kafin a zauna kotu jikinsa ya wanke, sai maganar ta koma ta gudun wuce sa'a kawai.

Malamin Zaure: Barista ya yi daidai. A mazhabar Malikiyya haddin mai shan giya bulala 80 ne, kuma ana tabbatar da shi da iƙirari, ko shaidu biyu adalai da suka ga shan ko suka ji warinta a bakinsa. Ƙwaya ba ta da wari. Ni ma an sha kira na zaman sulhu, kuma yanzu ba na sa baki sai an yarda da sharaɗi: iyalan wanda aka ji wa rauni su san suna da haƙƙin diyya kafin su ce sun yafe, shi kuma mai motar ya karɓe makulli. Yafiyar da aka karɓa don an ji kunyar manya, ni ban natsu da ita ba.

Ɗan Malumfashi: Ni Kirista ne, aiki ya kawo ni Katsina. Bulala ba ta hau kaina ba, ta tuƙi kuwa ta hau kowa. Wani abokin aikinmu ya sha a wajen biki a bayan gari, muka ɓoye makullinsa muka sa shi a Keke Napep. Ya yi fushi da mu ƙwarai, washegari ya zo ya yi godiya.

Maman 'Yan Biyu: Malam direba, to mu fasinja in mun ga alama a tasha, wa za mu gaya wa?

Direban Daura: Hajiya, kada ki yi gardama da shi. Ki sauka ki nemi ɗan kamasho ko shugaban layi ki faɗa masa a gefe. A wajenmu in an tabbatar, ranar ba zai yi lodi ba, a juye fasinjan a motar da ke bi masa, kuma kuɗinki na nan. Rasa lodin yini ya fi tarar 5,000 zafi a wurin direba. In kuma kun riga kun hau hanya, ki ce za ki kama ruwa, in ya tsaya ki ƙi komawa, ki riƙe lambar motar ki kira 122, layin FRSC ne. Ki gaya wa sauran fasinjan dalilinki da babbar murya, za ki ga wasu sun biyo ki.