Sashen yara a kulob ɗin golf: yadda muke kare su ba tare da mun kore su ba

Mai kula da sashen yara:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Shekara biyu ke nan da kwamitin kulob ɗinmu ya ɗora mini nauyin sashen yara, kuma ranar Asabar da ta wuce wani abu ya faru da har yanzu bai bar zuciyata ba. Muna filin atisaye da yara 14, ni da mataimakina guda ɗaya, sai wani yaro ɗan shekara 7 ya ga ƙwallonsa ta gangara kusa da ƙafar abokinsa, ya sunkuya zai ɗauka, daidai lokacin da abokin ya ja sanda baya zai buga. Kan sandar ya same shi a saman gira. Allah ya taƙaita, ɗinki uku aka yi masa, idon bai taɓu ba. Yanzu kwamiti ya rabu gida biyu: wasu na cewa a dakatar da sashen baki ɗaya, wasu na cewa a hana duk wanda bai kai shekara 12 ba shiga fili. Ni kuwa a ganina laifin yana ga tsarin da na yi, ba ga shekarun yaran ba. Ina roƙon duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan aiki ya gaya mini abin da ya gani da idonsa, da abin da ya gyara bayan nan.

Kocin ƙananan yara:

Wa alaikumus salam, Malam. Sannu da wannan jarrabawa, Allah ya ba yaron lafiya. Abin da ya same ka ya taɓa samu na a shekarata ta farko, kuma tun daga ranar na gane cewa a wurin ƙananan yara sanda ta fi ƙwallo haɗari, domin yaro yana ganin ƙwallon da ke tashi gabansa, amma ba ya lissafin sandar da ke zagayowa bayansa. Gargaɗin baki ba ya wadatarwa ga ɗan shekara 7. In ka ce masa ya tsaya nesa, zai tsaya na minti ɗaya, sannan ƙafafunsa su kai shi inda idonsa yake. Dole ne a nuna masa a ƙasa inda zai tsaya.

Ga yadda nake yi yanzu. Kafin yaro ko ɗaya ya iso, ina shimfiɗa igiya doguwa a bayan wuraren bugu, tsakaninta da su kamar taku biyar na babban mutum. Ina haɗa yaran biyu-biyu, kuma sanda ɗaya ce tal ga kowane biyu. Wanda zai buga ya tsallaka igiya, ɗan'uwansa ya tsaya bayanta hannu ba komai, in ya gama sai ya ajiye sandar a ƙasa ya dawo, sannan ɗayan ya shiga. Ba a miƙa sanda hannu da hannu, domin a lokacin miƙawar ne su biyun suke haɗuwa wuri guda. Ba mai zuwa tsintar ƙwallo sai na busa usur kuma na ga duk sanduna a kwance. Bahagon yaro kuma wurinsa ƙarshen layi ne, a gefen da zai fuskanci sauran, saboda in ka sa shi a tsakiya zai juya baya da baya da maƙwabcinsa, kowannensu yana lilo da ƙarfe ba ya ganin ɗan'uwansa.

Ƙwallon golf ta gaske nauyinta ba ya wuce giram 45.93 bisa doka, amma tauri gare ta kamar dutse, shi ya sa 'yan ƙasa da shekara 8 nake fara su da ƙwallon soso da sandunan roba. Kuma ina roƙon iyaye su daina yanke tsofaffin sandunansu suna ba yara. Sandar babba in an gajarta ta, kanta yana nan da nauyinsa, jikinta kuma ya ƙara ƙagewa, sai ta riƙa jan yaron maimakon shi ya sarrafa ta. Maganar adadi kuwa, yara 14 ga manya biyu sun yi yawa a irin wannan shekaru. Ni ba na wuce shida ga babba ɗaya.

Mahaifiyar yara biyu:

Malam mai tambaya, ni ba koci ba ce, uwa ce da ta shafe shekara huɗu tana bin yaranta a fili. Ina goyon bayan duk abin da Malam koci ya faɗa, sai dai ina so kwamitinku ya san cewa akwai wata hanyar rasa yara wadda ba ta kai kowa asibiti. 'Yata ta kusa barin wasan tana da shekara 9, domin ana sa su buga rami daga inda manya suke farawa. Na tsaya ina kallonta ta yi bugu 13 kafin ta isa kusa da tuta, manya huɗu suna tsaye a baya suna jira, ita kuma tana share hawaye da bayan safar hannunta. A mota ta ce mini ita ba ta iya ba, alhali kuwa ramin ne ba a auna shi da ƙarfinta ba.

Da aka sami sabon mai kula, sai ya kafa musu wurin bugun farko a tsakiyar fili, kamar mita 100 daga rami, ya mayar da wasansu rami shida maimakon 18. Ya kuma haɗa su ƙungiya-ƙungiya, kowa ya buga, a zaɓi ƙwallon da ta fi kyau, kowa ya sake bugawa daga nan. A haka ko mafi rauni a cikinsu yakan sami bugu ɗaya da ƙungiya ta dogara da shi, kuma wannan bugun shi zai yi ta ba da labari har dare. Abu na biyu da ya riƙe ta shi ne samun wasu 'yan mata uku a rukuninta. Yarinya ita kaɗai cikin maza goma ba ta daɗewa, komai son da take yi wa wasan.

Jami'ar kare lafiya da mutuncin yara:

Hajiya ta taɓo abin da ake mantawa. Ni zan yi magana a kan ɓangaren da mutane ba sa son a ɗaga, wato amanar yara a hannun manya. Filin golf wuri ne mai faɗi, mai bishiyoyi da lunguna, inda mutum biyu za su yi awa biyu ba wanda ya gan su. Saboda haka ƙa'idarmu ta farko ita ce babba ɗaya ba ya keɓewa da yaro ɗaya, ko a fili, ko a ɗakin sauya kaya, ko a mota. Koci ba ya aika wa yaro saƙo a wayarsa. Duk sanarwa ta hannun iyaye take bi. Ba a ɗaukar hoton yaro a sa a intanet sai da izinin iyaye a rubuce. Duk mai son yin aikin sa kai da yara sai an bincika tarihinsa kamar yadda dokar ƙasarsa ta tanada, ko da ya shekara 30 yana mamba. Wasu dattawa sun ji haushi da farko, suna ganin zargi ne, na yi musu bayani cewa ƙa'idar tana kare su kamar yadda take kare yaran, kuma in aka keɓe mutum ɗaya saboda girmansa, ta rushe ga kowa.

Akwai kuma takardar bayanin lafiya, wadda na taɓa ɗauka aikin ofis ne kawai. Wata rana wani yaro ya tsuguna a rami na biyar yana numfashi da ƙyar, maganin shaƙarsa na asma yana cikin motar mahaifinsa, mahaifin kuma ya tafi. Lambar da muke da ita tsohuwa ce. Mun samu ta hannun wani mamba, yaron ya warware, amma mintunan nan sun yi mini tsawo ƙwarai. Tun daga nan takardar kowane yaro tana cikin jakar babban da ke tare da rukuninsa, tare da akwatin taimakon gaggawa, ana sabunta lambobi duk farkon kaka, kuma ba yaron da ke barin harabar kulob sai wanda ya zo ɗaukarsa ya sa hannu.

Mai kula da ciyawar fili:

Ni tsawa ce damuwata. A dokar wasan, jiniya ɗaya mai tsawo tana nufin a tsaya nan take saboda haɗari, gajeru biyu kuma na nufin a ci gaba. Manya sun san wannan, yara ba wanda ya koya musu. Na taɓa tarar da yara uku sun fake ƙarƙashin bishiya mafi tsayi a filin, sanduna a hannu, suna ganin sun yi dabara. Walƙiya ta taɓa faɗa wa Lee Trevino a gasar Western Open a 1975, yana ƙwararren ɗan wasa, balle yaro. Yanzu muna gwada jiniyar a gabansu, mu sa su ajiye jaka su taka da ƙafa zuwa ginin da za su fake, kuma ba a komawa sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba. Ku kuma kula da tafkunan fili, da ƙaramar motar golf da ba ma barin yaro ya tuƙa, da ranakun da muka yi feshi, waɗanda nake sanar da koci tun da safe domin yara su wanke hannu kada su kai ƙwallo baki.

Dattijo, tsohon kyaftin:

Ɗana mai tambaya, zan faɗi gaskiya, shekarun baya ina cikin masu ƙorafin cewa yara suna ɓata mana lokaci. Abin da ya sauya ni shi ne ranar da aka roƙe ni in raka rukunin yara uku in riƙe musu katin maki. Na ga ba jinkirinsu ba ne matsalar, rashin wanda zai nuna musu ne. Cikin rami huɗu sun koyi inda ake tsayawa in wani zai buga, da share ramin yashi bayan an fita, da ɗaga murya a ce "fore" in ƙwallo ta nufi mutane, da cewa mai jin wannan kira ya sunkuya ya rufe kansa, kada ya ɗaga ido yana neman ƙwallon.

Inda na ɗan saɓa da Hajiya shi ne batun gasa. Wasan ƙungiya yana da kyau ga masu farawa, amma yaron da ya kai shekara 12 yana son ya auna kansa, in ba ku ba shi dama ba zai tafi wani wasan. Dokoki ma sun sauƙaƙa wannan. Tun gyaran da R&A da USGA, hukumomin da ke tsara dokokin golf, suka yi a 2019, neman ƙwallon da ta ɓace minti uku ne maimakon biyar, ana iya barin tuta a rami, kuma an yarda da tsarin da ke ƙayyade iyakar bugu a kowane rami. Tsarin handikaf na duniya, wato rangwamen bugu da ake yi wa ɗan wasa gwargwadon ƙwarewarsa, ya fara a 2020 kuma yana kaiwa har 54, wanda ke ba sabon ɗan wasa damar shiga gasa da wuri. Ku yi musu lissafin Stableford, wato ba da maki ga kowane rami daban, inda rami ɗaya da ya lalace ba ya rusa yinin gaba ɗaya: yaro ya ɗauki ƙwallonsa ya wuce na gaba. Abin da zan roƙa kawai shi ne a tsawatar wa iyaye. Na ga uba yana tsaye a kan ɗansa yana gyara masa riƙon sanda bayan kowane bugu, har hannun yaron yana rawa. A gasar yara, iyaye su bi daga nesa, su tafa, su taimaka wajen neman ƙwallo, koyarwa kuma a bar wa koci.

Mahaifiyar yara biyu:

Baba, na karɓi gyaranka a kan manyan yara, ɗana mai shekara 13 zai goyi bayanka. Ina dai roƙon kada gasar ta cinye ranar da ƙanana suke wasan ƙungiya.

Mai kula da sashen yara:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Jiya na je filin atisaye da igiya na auna taku biyar, na kuma ga cewa yadda na jera su ranar nan, bahagon da ke cikinsu a tsakiya yake. Zan kai wa kwamiti shawarar raba yaran rukuni biyu, a nemo iyaye huɗu da za a tantance su riƙa karɓa-karɓa, a kuma naɗa jami'in kare yara, wanda ba mu da shi sam. Na ziyarci yaron da ya ji rauni, kuma tambayarsa ta farko ita ce ko za a bar shi ya dawo ranar Asabar. Wanda ya fi damu na yanzu shi ne abokin da ya yi bugun, domin mahaifiyarsa ta ce ya ƙi taɓa jakarsa tun ranar. Malam koci, da irin wannan ta same ka, yaya ka yi ka dawo da wanda sandar take hannunsa?