Ƙanina ya sare da lissafin JAMB

Tambaya: Salamu alaikum. Ƙanina ya ce lissafi ya fi ƙarfinsa, ko littafin ba ya buɗewa. Yaya za a dawo masa da ƙwarin gwiwa?

Amsa 1: Wa alaikumus salam. Lallashi kaɗai ba ya isa. Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam, ya bayyana a 1977 cewa nasarar da mutum ya samu da hannunsa ta fi komai sa shi yarda zai iya. Ku ba shi tsofaffin tambayoyi 10 masu sauƙi kullum, ya duba amsa nan take. In ya ci 8, a ƙara wuya.

Amsa 2: Kada a ɗora masa duka tambayoyi 40 na lissafin JAMB tashin farko; faɗuwa za ta gaskata tsoronsa. Ya zauna da sa'ansa da ya sha wuya kafin ya gane, ba gwanin aji ba.

Amsa 3: Yaya, maimakon "kana da ƙwaƙwalwa", ku nuna masa layin da ya warware daidai.